Ruwan da Muka Kai Sarandosa

Makon jiya na sayo sabon tulu a kasuwa, na ɗauraye shi, na cika shi da ruwa. Da yamma na ɗaga faifan, ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka ya bugo ni, sai na tsinci kaina zaune a bakin gado da moɗa a hannu, ban sha ba, ban kuma ajiye ba. 'Yata ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau. Gaskiyar magana ba na ɗakin. Na koma shekarata ta goma sha biyu, cikin wata farar mota, ina rungume da tulun Kaka. Bari in ba ka labarin yadda ya faru, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A unguwar Firchin ta garin Jega na tashi, kuma a ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Ita ba 'yar gari ba ce. A ruga aka haife ta, aure ne ya kawo ta cikin katanga, har ta tsufa ba ta daina ƙorafin cewa rufin soro yana danne mata numfashi ba. A wurinta na tsinci Fillanci, da tsiwa, in ji Inna. A shekarar da nake ba ka labari ƙafafunta sun kumbura, numfashinta ya gajarta, daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu. Likita ya ce zuciya ce. Ita kuwa ta ce ba ta buƙatar likita ya gaya mata rana ta yi yamma.

Baba direba ne a wurin masu haƙa rijiyar burtsatse. Maigidansa wani injiniya ne, Kirista, mutumin kudu, kuma yana da wata mota da yake kwana a cikinta idan aiki ya kai su daji. Doguwa ce kamar bas, amma a bayanta akwai gado, da ɗan tebur da ake naɗewa, da kabad, da wurin ɗora risho, har da labule a tagogi. Duk ƙarshen shekara injiniya yakan tafi garinsu yin Kirsimeti, ya bar wa Baba makullin. A wannan karon wani dillalin shanu ya gaya wa Baba cewa dangin Kaka sun sauko wajen Aliero suna cin karan gona, karo na farko cikin shekaru masu yawa, kuma ƙanwarta tana cikinsu. Kaka ta ce za ta je, ko da a kan jaki ne. Ba za ta iya zaman motar haya ba, don haka Baba ya cire kunya ya roƙi maigidansa. Injiniya ya ce ya ɗauki Mama ya kai ta duk inda take so, ya dai dawo da motar kafin sabuwar shekara.

Mu ma an ba mu hutun Kirsimeti a makaranta. Haka kowa yake kiransa a garinmu, ko da yake mu ba bikin muke yi ba. Aka kwashe mu duka: Kaka, Baba, Inna, ni da ƙanwata mai shekara shida. Ranar tafiya yaran unguwa suka cika ƙofar gida suna leƙen taga, ni kuwa ina ta fankama kamar ni na ƙera motar. Da aka kwantar da Kaka a kan gadon, ta dubi rufin, ta dubi labulen, ta yi ɗan murmushi.

"Da muna ƙanana mu ka ɗora gida bisa takarkari," in ji ta. "Yau ga gida ya ɗauke mu."

Baba ya riga ya tada mota sai ta ce a tsaya. Ta sa aka ɗauko tulunta, aka cika shi da ruwan rijiyar gidanmu, ba na famfon unguwa ba, aka zaunar da shi cikin tsohuwar taya a gefen gado, aka toshe bakinsa da tsumma mai tsabta. Baba ya ce akwai jarka biyu cike, me za a yi da tulu a mota? Ba ta ko dube shi ba. Ni ta kira.

"Tulun ga amana na gare ki. Ko ƙishi za shi kashe ki, kar ki taɓa. Kar ki bar kowa shi taɓa."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ƙanwata tana gaba kusa da Baba tana waƙa tana ƙirga jakuna, ni an ɗaure ni da tulu kamar akuya a turke. Duk ramin da muka faɗa sai na kai hannu na dafe shi.

Mun isa Aliero da hantsi. Lokacin dashen albasa ne, fadama ta yi kore shar, maza sun naɗe wando suna karkata ruwa daga fage zuwa fage. Aka nuna mana gonar da Fulanin suka sauka, muka tarar da wayam. Sai zagayen da bukkoki suka bari a ƙasa, da turakun maruƙa, da toka. Kaka ta aike ni in taɓa tokar. Na dawo na ce ta yi sanyi. Ta rufe ido, ta ce kwana biyu ke nan ko uku. Wani manomi da ke kusa ya tabbatar da haka, ya ce sun yi wajen Maiyama, ya kuma cika mana kwando da lawashi. Har muka dawo gida motar injiniya ba ta daina warin albasa ba.

A nan ne, muna tsintar shinkafa a inuwar mota, na matsa wa Inna da tambaya a kan tulun, har ta gaji ta gaya mini. Ta rage murya don tagar a buɗe take.

Lokacin da Baba yake ƙarami, ƙanwar Kaka ta kawo mata 'yarta riƙo, yarinya 'yar shekara huɗu, don ta huta da wahalar tashi da sauka. Da damina ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauke yarinyar cikin kwana shida. Uwar tana can nesa da shanu. Kaka ba ta aika ba. Ba don babu hanya ba, ai duk ranar kasuwar Jega akwai masu shanu da suka san inda kowace ruga take. Kalmar da za ta ba ɗan aike ce ta gagare ta. Kowace kasuwa sai ta yafa mayafi, ta kai bakin zaure, ta dawo, ta ce sai kasuwa mai zuwa. Haka har wata biyar. Bayan girbi uwar ta iso da man shanu da 'yan warwaro ƙanana da ta sayo wa 'yarta. Aka shimfiɗa mata tabarma, Kaka ta miƙa mata ruwa kamar yadda ake yi wa duk baƙo. Tana riƙe da ruwan ta tambayi ina yarinyar, tsakar gida ta yi tsit. Da ta gane, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ruwan a ƙasa ba ta kurɓa ba, ta ɗauki takalmanta ta fita. Tun daga ranar ba ta sake taka gidan ba, shekara kusan arba'in.

Kai da ka tashi a zamanin ruwan leda, wataƙila ba za ka ji nauyin wannan ba. A wurin mutanenmu, wanda ya sha ruwan gidanka ya amince da kai. Wanda ya ajiye shi bai sha ba ya gama magana, ko da bai buɗe baki ba. Kaka ta san ƙanwarta ba za ta ƙara zuwa inda rijiyar take ba, shi ya sa ta ɗauko rijiyar za ta kai mata. Daga ranar na daina jin haushin tulun, tsoronsa na koma ji.

Ban ce tafiyar ba ta da daɗi ba. Da safe sanyi yakan tashe mu, Inna ta kunna risho, tururin shayi ya rufe gilashi, ni da ƙanwata mu yi ta zane a kai da yatsa. Baba a kujerar gaba yake kwana, ƙafafunsa a kan sitiyari, ya tashi yana cewa bayansa ya zama na wani. Duk inda muka tsaya nan ne gida: a shimfiɗa tabarma, a ɗaura igiyar shanya daga madubi zuwa bishiya, mata su zo gaida Kaka su ƙare da kallon kabad. Ban taɓa ganin Baba yana wuni tare da mu haka ba, kafin nan ko bayan nan. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai numfashin Kaka, wanda kullum yake ƙara nauyi, da kuma tulun. Tulu yana gumi, kowa ya sani. Na sami wani kara ina auna ruwan kowace safiya, kullum sai na ga ya sauka da kusan faɗin yatsa biyu. Na je na rantse mata ban sha ba. Ta ce ta sani, tulu ne yake shan rabonsa, in dai bar shi a inuwa.

Ranar Kirsimeti ta same mu a Maiyama. Mun tsaya kusa da gidan wani malamin makaranta, muna ganin iyalinsa sun fito cikin sababbin kaya. Da rana matarsa ta aiko mana da shinkafa da kaza, ta kuma biyo bayan kwanon da kanta don ta ga cikin motar. Ta durƙusa ta gaida Kaka, Kaka ta sa mata albarka, ta ci loma biyu don kada ta ji ba daɗi. Kwana biyu ke nan Baba yana yawon tambayar maza a tasha da bakin masallaci, kowa da inda yake nuna masa. Wannan ya ce gabas, wancan ya ce sun ƙetare tuni. Kaka ta bari har ya gaji, sannan ta ce shi dai ɗan gari ne, ba a tambayar ruga a wurin masu rawani. Ta aiki Inna wurin masu tallan nono.

Inna ba ta yi rabin awa ba ta dawo da sauri, mayafinta yana zamewa. Wata mai nono ta san su sarai. Suna bayan Sarandosa, kuma gobe da asuba za su ɗaura kaya su shiga inda mota ba ta zuwa. Baba ya tattara tabarmi ya tada mota nan take. Sai da muka yi nisa Inna ta tuna jarka ɗaya babu komai, ɗayar kuma saura kaɗan, don da safe ta yi wanki. Mai haƙa wa mutane rijiya ya shiga daji ba ruwa. Kaka ta ce dama ba a fafe gora ranar tafiya, daga nan ba ta ƙara ba.

Bayan mun bar kwalta hanyar ta zama rairayi. Motar tana nishi, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Bayan azahar sai tururi ya taso daga gaba, Baba ya kashe ta. Ya jira ta huce, ya juye abin da ya rage a jarka cikin lagireto, bai kai ko'ina ba. Babu gida kusa, babu rijiya. Ya ce in ya taka zuwa ƙauye ya dawo, rana ta faɗi, kuma wannan hanya ba ta biyuwa da duhu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma, yana duban ko'ina ban da gefen gado. Inna ma ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na matsa na rungume tulun, na shirya yin rashin kunya ga duk wanda ya miƙo hannu, ko da Baba ne.

Kaka ta ce a tada ta zaune. Ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da wani ɗan ƙoƙo da ban taɓa gani ba, ya yi baƙi don tsufa, an ɗinke shi a gefe guda. Ta ce in karkata tulun. Ta cika ƙoƙon, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ku ba motar sauran," in ji ta. "Ita ma zumunci takai."

Na ji ƙarar ruwan rijiyarmu yana shiga cikin ƙarfe, na fashe da kuka, ba wanda ya hana ni. Da tulun ya zama fanko ta mayar da na ƙoƙon ciki, ta toshe da kanta. Na ɗora shi a cinya. Ya yi sakayau, ina jin ɗan ruwan yana kai da kawowa a gindinsa duk lokacin da muka karkata.

Mun isa bayan la'asar, rana ta yi ja. Rabin bukkokin an riga an kwance su, an tara sanduna da tabarmi wuri guda, shanu suna dawowa daga kiwo. Baba ya tsaya nesa kaɗan, ya tafi da ƙafa ya gaida maza. Kaka ta sa na gyara mata kallabi, na goge mata fuska, na jingina ta da matashi. Inna ta tambaya ko a kama ta a fito da ita, ta girgiza kai. A lokacin na ɗauka rashin ƙarfi ne kawai. Sai daga baya na gane: in ta fita, ita ce baƙuwa, ita za a ba ruwa. In ta zauna a ɗakinta, wanda ya shigo shi ne baƙo.

Mun daɗe muna jira. Har na fara cewa a raina ba za ta zo ba, kuma na fara tsanarta tun ban gan ta ba. Sai ga wata doguwar tsohuwa siririya tana tahowa ita kaɗai, ba ta sauri. Goshinta na Kaka ne sak. Ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta yi sallama. Suka shiga gaisuwa da Fillanci, doguwa, kowace tana duban gefe: lafiyar jiki, lafiyar shanu, sanyi, gajiyar hanya. Gaisuwa ta ƙare, tana nan tsaye a waje. Sannan na ga ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a ƙasa, ta hawo, ta zauna a bakin gado.

Kaka ta dube ni. Na kife tulun gaba ɗaya a kan ƙoƙon, abin da ya fito bai wuce rabi ba, da ɗan gurɓi a ƙasa, ga shi ya yi ɗumi. Kunya ta kama ni, kwana biyar ina gadi ga abin da na kawo. Na miƙa wa Kaka, ita ta miƙa wa ƙanwarta. Tsohuwar ta karɓa. Ba ruwan ta fara duba ba, ƙoƙon ta duba, ta shafa ɗinkin da babban yatsa. Daga baya na ji cewa ita ta fafe shi, ta haɗa shi cikin kayan yarinyar ranar da ta kawo ta.

"Ruwan ina na?" ta tambaya.

"Na rijiyar gida na."

Tsohuwar ta dubi ruwan. Hannunta ya yi ƙasa da ƙoƙon, na ɗauke numfashi, na tabbata ajiyewa za ta yi.

"Adda," in ji ta, "abu guda ni ka son sani. Ta sha ruwa kahin ta tahi?"

"Ta sha. Da hannuna na ba ta, cikin ƙoƙon ga. Kanta na bisa cinyata."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu ko uku. Ta yi bisimilla, ta kai baki, ta sha. Ta rage kurɓi guda ta miƙa wa Kaka, Kaka ta shanye. Ba su rungumi juna ba, ba irinsu ba ne. Ban ji wadda ta ce a yafe mata ba, ban ji wadda ta ce ta yafe ba. Ta dai ja ƙafafun Kaka masu kumburi ta ɗora a cinyarta tana matsawa, tana yi mata faɗan ta bari zaman gari ya lalata ta. Da za ta sauka ta sa ƙoƙon cikin zanenta. Da safe muka ga ƙurar ƙarshen garkensu ta shige daji, mu kuma muka juyo, da ƙwaryar nono da jarka biyu cike daga mashayarsu. Baba ya mayar da mota saura kwana biyu a shiga sabuwar shekara, bayan Inna ta wanke ta sau uku saboda albasa.

Kaka ba ta ga damina ba. Ranar da aka kai ta makwancinta, Baba bai jira ranar kasuwa ba, ya bar mutane zaune a zaure ya hau babur, ya kwana biyu yana bin masu nono har ya sami rugar. Ranar addu'ar bakwai ƙanwarta ta shigo gidanmu. Ni na kai mata ruwa. Ta shanye tas, ta miƙo moɗar ta ce in ƙaro.

Yau rijiyar nan an rufe ta da siminti, an ja famfo. Hanyar da muka bi, ba kowa ne zai kwana da iyalinsa a gefenta cikin kwanciyar hankali ba. Makiyayi yana bayan shanu da waya a aljihu, ba a rasuwa a yi awa guda labari bai zagaya dangi ba. Baƙo ya zo a miƙa masa ruwan leda, ya ce ya gode, ya ajiye a gefe, ba wanda ya damu. Ni dai har yanzu in aka yi mini haka sai gabana ya faɗi, 'ya'yana suna yi mini dariya.

Na daɗe ina ganin laifin Kaka, ina cewa wata biyar, saƙo guda, me ya fi wannan sauƙi? Yanzu na daina. Ƙanwata, wadda take ƙirga jakuna a kujerar gaba, shekara biyu ke nan ba mu yi magana ba, a kan wata kalma da na faɗa mata a gidan biki, wadda ban isa in maimaita ta a nan ba. Lambarta tana cikin wayata, ba sai na nemi mai nono ba. Kullum sai in ɗauko, in duba, in ce sai gobe. Ban san dalilin da ya sa na sayi tulun nan ba sai da na ɗaga faifan. Jibi za a ba yara hutu. Na gaya wa maigidana ina son mota, ya kuma nemo mini tsohuwar taya guda ɗaya.